Yadda Manomin Rake Zai Tsira da Zaƙinsa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai rake ya cika kasuwannin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ana fito da shi dami-dami daga fadamun Gulbin Gagare da na Bunsuru, wani a kan jaki, wani a amalanke, wani a mota. Mai saye yana murna, yara suna murna, amma sau da yawa mai gona ba ya murna. Dalili kuwa shi ne raken kowa lokaci ɗaya yake nuna, in kaya ya yi yawa kuwa kuɗinsa faɗuwa yake yi.

Ga kuma wata matsala. Gero da dawa in ba su yi kuɗi ba, mai su ya mai da su rumbu ya jira. Rake ba ya jira. Tun ranar da aka sare shi yake fara bushewa, zaƙinsa yana raguwa. Saboda haka manomin da ya kai rakensa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, in la'asar ta yi bai sayar ba, to, abin da ɗan kasuwa ya taya shi ne zai karɓa, gama ba ya iya ajiye shi har wata Alhamis. Wahalar kusan shekara guda ke nan ake yanke wa kuɗi cikin sa'a ɗaya.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne. A matse raken, a dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila, abin da ake iya ajiyewa a kai shi inda ake so. Amma kafin a shiga bayanin yadda ake yi, ya kamata a dubi waɗansu manoma na wata ƙasa mai nisa. Su daga abin da bai kama ƙafar rake ba suke samun zaƙi, duk da haka sun mai da shi babbar sana'a, har da biki kowace shekara.

MAƊIN ITACE A KANADA

A gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai wani itace da ake kira mepul. Ganyensa ne ke jikin tutar Kanada tun 1965. Lokacin zafi itacen yana tara abinci a jikinsa da saiwarsa. In sanyi ya shigo sai wannan abinci ya juye ya zama sukari, ya narke cikin ruwan itacen.

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da sanyi ya fara sassautawa, da dare ruwa yana daskarewa, da rana kuwa yana narkewa. Wannan juyi na dare da rana shi ke sa ruwan itacen ya motsa. Sai manomi ya huda gindin itacen, ya cusa ɗan bututu, ya rataya bokiti, ruwa ya riƙa ɗiga a ciki. Manyan gonaki yanzu tiyo na roba suke ja daga itace zuwa itace har ɗakin dahuwa. Ba a huda itace sai ya yi kauri, watau wajen shekara 40, kuma ba a yi masa huji fiye da 3 kome girmansa, don kada a kashe shi. Kakar ba ta wuce mako 4 zuwa 6. Da itacen ya fara toho sai ɗanɗanon ruwan ya ɓaci, aiki ya tsaya sai baɗi.

To, ga abin mamaki. Wannan ruwa in mutum ya kurɓa da ƙyar zai ji zaƙi, gama sukarin da ke cikinsa kashi 2 ne kawai cikin 100. Sai an dafa garwa 40 kafin a sami garwa ɗaya ta maɗi. Mutanen ƙasar na asali su suka fara wannan aiki, Turawa da suka zo daga baya a wurinsu suka koya.

In kaka ta yi, masu gona sukan buɗe ƙofa ga baƙi. Mutanen birni su kwaso iyalansu su zo, a ɗauke su a keken doki a zaga da su cikin itatuwa, su shiga ɗakin dahuwa su ga kasko yana tururi. Ana zuba maɗi mai zafi a kan dusar ƙanƙara ya daskare kamar alewa, yara su naɗe shi a tsinke su sha. Ana cin waina da maɗi. In za su koma gida kuwa kowa ya sayi kwalba. A garin Elmira na lardin Ontariyo an fara irin wannan biki a 1965, a shekarar 2000 mutum fiye da 66,000 suka halarta a yini ɗaya.

Biki ba shi kaɗai ne ƙarfinsu ba. Lardin Kwibek shi ke fid da wajen kashi 70 cikin 100 na maɗin mepul na duniya, manomansa kuwa sun kafa ƙungiya tun 1966. Ana auna maɗin kowa, a raba shi aji huɗu bisa ga launi da ɗanɗano. A shekarar 2000 suka kafa rumbun ajiya, shekarar da aka samu da yawa a zuba rarar cikin ganguna, shekarar da aka rasa a fito da ita. A 2021 da maɗi ya yi ƙaranci sun fito da wajen rabin ajiyar. Darajar abin har ta kai ɓarayi sun sace kusan tan 3,000 daga wani sito tsakanin 2011 da 2012.

ABIN DA KE GIDA

Dafa ruwan zaƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin sukarin kanti ya zo, mata suna jiƙa 'ya'yan ɗinya su tace su dafa ya zama maɗi, da shi ake yin alewa. Ga takanda, ga zuma. Amma duk cikinsu babu mai yawan rake.

Ruwan raken da ya nuna sosai yana ɗauke da sukari kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Watau ya ninka na mepul wajen sau 8 ko fiye. Mutumin Kanada yana jiran itacensa shekara 40, manomin fadama kuwa wata 10 zuwa 12 yake jira. Wancan yana dafa garwa 40 ya sami ɗaya, wannan garwa 5 ko 6 sun ishe shi. Abu ɗaya ne ya haɗa su, shi ne sanyi. In hunturu ya shigo ƙasa ta fara bushewa, rake yana rage tsawo da fid da ganye, sai ya koma tara sukari a cikin kara. Shi ya sa raken sanyi ya fi na damina zaƙi.

Kasuwar zaƙi kuwa tana nan. An buɗe masana'antar sukari ta Bacita a 1964, daga baya aka yi ta Numan da ta Sunti, amma har yanzu mafi yawan sukarin da ake sha a Nijeriya ɗanyensa daga waje yake zuwa, musamman daga Barazil, a tace shi a Legas. Waɗannan masana'antu sun yi wa manomin arewacin Zamfara nisa. Abin da ke kusa da shi shi ne kasko da murhu.

A WURIN MATSA

Wanda ke son ganin aikin da idonsa, ƙasar Zazzau ita ta yi suna da shi, wajen Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi da Anchau. Tun daga nesa baƙo zai hangi hayaƙi a bakin fadama, ya ji ƙanshin ruwan rake a kan wuta. Injin matsa ƙarafa ne mulmulallu guda uku da ke juyawa kusa da juna. A da doki ke jan su, an ɗaura masa dogon itace yana kewayawa yini guda. Yanzu a wurare da yawa injin mai ya karɓi aikin doki. Mutum ɗaya yana cusa rake, wani yana janye matsattsen kara ta baya ya shanya, ruwan kuwa yana kwarara cikin mazubi.

Daga nan sai kasko, babba mai faɗi, a kan murhun da aka haƙa a ƙasa. Wani yana iza wuta, wani yana kwashe kumfa, gwanin dahuwa yana tsaye da muciya yana duba. In ta yi, a sauke, a juya ta har ta fara kauri, a zuba cikin 'yan kwanoni ta daskare. Aikin a ido mai sauƙi ne. Amma tsakanin mazarƙwaila mai haske mai ƙarfi da baƙa mai danƙo akwai ƙa'idodi, kuma a nan riba take shiga ko ta zube.

ƘA'IDODIN DA ZA A KIYAYE

Na fari, kada a sare rake sai ya nuna. Alamar nuna ita ce ganyen ƙasa ya bushe, gaɓoɓin sama sun gajarta. A yanki gaɓa ɗaya daga gindi, ɗaya daga kusa da kai, a ɗanɗana. In ta sama ta kusa kama ta ƙasa a zaƙi, to, ya yi. Mai ban ruwa ya janye ruwa kamar mako 3 ko 4 kafin sara. Kada kuma a zuba takin zamani mai sa ganye a ƙarshen lokaci, gama yana sa rake ya ci gaba da girma maimakon tara sukari.

Na biyu, a sare shi daga ƙasa ƙwarai, don gaɓoɓin gindi su suka fi zaƙi. A cire kan, a ba dabbobi ko a yi iri da shi. A kankare ganye da saiwa da laka kafin a kai inji.

Na uku, shi ne mafi girma, kada rake ya kwana biyu a sare. Sukarin da ke cikin rake iri biyu ne, akwai mai daskarewa, akwai wanda ba ya daskarewa ko an kwana ana dafa shi. Da an sare kara, sai mai daskarewar ya fara juyewa ya zama ɗayan. Ruwan da aka riga aka matse ya fi saurin lalacewa, cikin 'yan sa'o'i yake tsami. Saboda haka a sari abin da inji zai iya cinyewa a ranar, kuma ruwa ya tafi kasko da zarar an matse shi. Masu mepul ma haka suke yi, ruwan yau a yau suke son dafa shi. Duk wanda mazarƙwailarsa ta ƙi daskarewa, ya fara bincike daga nan.

Na huɗu, tsabta. A tace ruwan da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga kasko. A daddaka ɗanyen karan kuɓewa ko 'ya'yanta, a jiƙa, a tace, a zuba ruwan yauƙin a kasko sa'ad da ya fara zafi, tun bai tafasa ba. Yauƙin yana tattara datti ya taso da shi sama. A kwashe wannan kumfa ta fari sarai da ludayi mai huji-huji, gama in ta tafasa ta koma ciki, ba ta sake fitowa, ita ce ke baƙanta kaya. A wanke inji da mazubi kowace yamma.

Har wa yau a lura da irin ƙarfen da ake dahuwa a ciki. Kada a yanka gangar da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a yi kasko da ita, kada a yi amfani da mai fenti a ciki, ko wadda aka liƙe da dalma. Mutanen Zamfara sun san illar gubar dalma tun abin da ya sami yara a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010. Mazarƙwaila kuwa yara su suka fi shan ta.

Na biyar, wuta. Da fari a ba ta wuta sosai don ruwa ya ƙone da sauri, gama dogon zama a kan wuta yana ƙara juyar da sukari. In ta fara kauri sai a rage, a riƙa juyawa kada ta kama. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Maɗin mepul a wajen digiri 104 ake sauke shi, mazarƙwaila kuwa sai ta kai wajen 116 zuwa 120. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya ɗiga kaɗan cikin ƙwaryar ruwan sanyi. In ta baje, da saura. In ta dunƙule a yatsa kamar ƙaro, a sauke maza, gama tsakanin nuna da ƙuna ɗan lokaci ne ƙanƙane.

Na shida, makamashi. Matsattsen kara in ya bushe shi ne itacen dahuwa. In murhu yana da ƙaramin baki da bututun hayaƙi, kuma kasko ya zauna daram babu inda wuta ke zurarewa, karan yana iya ɗaukar mafi yawan aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a arewacin Zamfara, inda itace ke ƙara wuya. Wanda ya sare ɗinya ko ɗorawa don ya dafa rake, ya sayar da zaƙin shekaru ya sayi na yini ɗaya.

Na bakwai, ajiya. Mazarƙwaila tana shan raɓa. A bar ta ta huce ta bushe sarai kafin a ɗaure, a ajiye ta a kan dakali ko katako, nesa da ƙasa da bango, a rufe ta yadda iska mai laima ba ta shiga. Da rani tana yin watanni. In damina ta kama kuwa, wadda ba a rufe da kyau ba sai ta yi gumi ta narke.

LISSAFI

Ga abin da malaman ofis da 'yan kasuwa za su so su ji. Rake mai nauyin kilo 100, ƙaramin inji yana fid da ruwa kilo 50 zuwa 60 daga cikinsa, in an dafa a sami mazarƙwaila wajen kilo 10. Watau kayan jaki 10 sun koma kayan jaki ɗaya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fataken wannan yanki sun san cewa kayan da ke jure tafiya shi ke kawo kuɗi, shi ya sa gyaɗa da auduga suka yi tashe a zamaninsu. Ɗanyen rake ba ya cikin irin waɗannan kaya, amma mazarƙwaila tana ciki.

Amma fa kada manomi ya ɗauka kullum dafawa ta fi. Raken sha mai laushi ya fi ruwa, sukarinsa bai kai na rake mai tauri ba. Kuma kara mai kauri miƙaƙƙe, in gona tana kusa da gari, sau da yawa ya fi kuɗi a ɗanyensa. Inda mazarƙwaila ke ceton mutum wuri uku ne: gonar da ke nesa da hanya, da siraran kara da karkatattu waɗanda ɗan kasuwa ke ƙi, da makonnin da kasuwa ta cushe. A 2021, sa'ad da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako saboda rashin tsaro, kowa ya ga bambancin mai kayan ajiya da mai kayan lalacewa.

Saboda haka a gwada da kaɗan. A ware dami 10, a rubuta abin da aka taya su a kasuwa. A matse su a dafa, a sayar, a cire ladan inji da na ma'aikata. Abin da takarda ta nuna shi za a bi. A tuna kuma da lokutan da zaƙi ke tsada, watau azumi da salla da lokacin bukukuwa. A 2025 azumi a watan Maris ya kama, daidai da ƙarshen kakar rake, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Mai sayarwa kuma ya faɗi gaskiya, mazarƙwaila sukari ce, ba magani ba ce ga mai ciwon sukari.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Inji da kasko sun fi ƙarfin ƙaramin manomi ɗaya, kuma gonarsa kaɗai ba ta isa ta ba inji aiki har ƙarshen kaka. Amma in mutum 10 ko 15 na fadama ɗaya suka yi ƙungiyar gama kai, sai su sayi inji ɗaya, su tsara ranakun sara bi da bi, yadda raken kowa zai shiga kasko ranar da aka sare shi. Su yi amfani da kwano iri ɗaya, don mai saye ya san nauyin abin da ya saya ba sai ya yi gardama ba. Su raba kayansu aji biyu, mai haske da mai duhu, kowane da kuɗinsa. Su kuma ajiye wani kashi a sito ɗaya har kasuwa ta sarara. Wannan shi ne abin da mutanen Kwibek suka yi, sai dai nasu ya fi girma. Mai neman shawara a kan iri da injin dahuwa ya tambayi malamin gona na yankinsa. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ita aka ɗora wa binciken rake.

Biki ma yana da amfaninsa. Abin da ke kai mutanen birni gonar mepul shi ne su ga yadda ake yi, wanda ya ga tsabtar kasko da idonsa kuwa ba ya jayayya da kuɗin kwalba. Ƙasar Hausa ta saba da nunin amfanin gona. Ba abin da zai hana masu rake na gari ɗaya su sa rana a tsakiyar kaka, da izinin hakimi da hukuma, su kafa inji da kasko, a kira 'yan makaranta da fatake su gani, a ba da kyauta ga wanda mazarƙwailarsa ta fi haske. In halin tsaro bai bari a taru a fadama ba, a yi a cikin gari kusa da kasuwa. Ko mutum 100 ne suka zo, an fara.

Kafin nan, abin da ya rage ga mai rake bana shi ne ya zaga gonarsa ya ɗanɗana gindi da kai, ya yi magana da maƙwabtansa na fadama, ya ware dami 10 na gwaji. Allah ya sa albarka a kaka, ya kawo zaman lafiya a ƙasa. Amin.